Hutun iyali a jirgin ruwa: abin da mita 12 ke koya wa iyaye da ƴaƴan da suka girma

Daga watan Yuni zuwa Satumba, kowace Asabar tashoshin ƙananan jiragen ruwa na Split da Zadar a ƙasar Kuroshiya, da na Lefkada da Alimos a ƙasar Girka, kan cika da iyalai masu jan jakunkuna da kwalayen abinci. Asabar ce ranar da kamfanonin haya ke miƙa jirgi, Asabar ta gaba kuma su karɓi abinsu. A cikin masu karɓar akwai wani rukuni da ya isa a tsaya a dube shi: dattijo da uwargidansa, sun yi ritaya ko suna gab da yi, sun gayyato ƴaƴansu da suka girma, wasu har da matansu ko mazansu, domin a yi mako guda a kan teku. Jirgin irin mai filafilai ne, wato wanda iska ke turawa ta manyan ƙyallayen da ake ɗagawa a jikin wata doguwar sanda, wanda Faransawa ke kira voilier. Wasu iyayen haya suke yi, wasu kuwa tsohon jirginsu ne da suka shekara 20 suna lallaɓawa.

Ga mutumin Maraɗi ko Tawa, wanda ƙasarsa ko bakin teku ba ta da shi, wannan labarin masu abin hannu ne a wata duniya. Haka ɗin ne, kuma za a zo kan maganar kuɗin. Sai dai akwai wani abu a cikin wannan hutu da ya fi jirgin daraja: kwanaki a jere da uba da uwa da manyan ƴaƴansu ke zaune wuri guda, babu baƙi, babu ƙofar zillewa, kowa kuma da aikin da aka ɗora masa. Iyalan Nijar da ci-rani da karatu da aikin gwamnati suka warwatsa sun fi Turawa buƙatar irin waɗannan kwanaki, kuma samunsu ba sai da teku ba.

Gida mai tsawon mita 12

Hotunan da ake gani a Facebook da Instagram suna nuna shuɗin ruwa da faɗuwar rana, ba su nuna ƙuncin wurin. Jirgin da iyali ke haya yawanci tsawonsa mita 12 zuwa 14 ne, faɗinsa wajen mita 4. A ciki akwai ɗakunan kwana 3 ko 4, kowanne gado ya cinye shi, mutum ba ya miƙewa tsaye sai a bakin ƙofa. Makewayi 2 ne ga mutum 8, madafa kuwa murhun gas ne mai baki 2 da ƙaramin firiji. Abin da ya raba ɗaki da ɗaki siririn katako ne, duk wanda ya yi tari ko minshari kowa ya ji.

Ruwan wanka da na girki a tanki yake. Idan tankin na lita 400 ne kuma mutum 8 ke cikin jirgin, rabon kowa lita 50 ne har a isa tashar da za a sake cikawa. Wanda ya saba sakin famfo a Paris ko Hamburg zai koyi abin da ɗan Damagaram ya sani tun yana yaro, cewa bokiti guda ya isa wanka, kuma wanda ya yi almubazzaranci da safe ya shiga haƙƙin na bayansa.

Gudun jirgin bai taka kara ya karya ba, wajen kilomita 10 zuwa 12 a awa, mai keke ma zai wuce shi. Ana tafiyar awa 3 zuwa 5 a yini, a tsaya a lungun wani tsibiri, a jefa anka, wato ƙarfen da ke riƙe jirgi a ƙasan ruwa. Kuroshiya kaɗai tana da tsibirai manya da ƙanana fiye da 1,000, saboda haka wurin tsayawa ba ya wuya. Amma iska ce ke da magana ta ƙarshe. A tekun da ke tsakanin Girka da Turkiyya akwai iskar arewa da ake kira meltemi, mai ƙarfi a Yuli da Agusta, wadda kan tsare jirgi a tasha kwana 2 ko 3. A gaɓar Kuroshiya akwai bura, a kudancin Faransa akwai mistral. Tsarin da uba ya kwana yana zanawa a taswira, iska kan rushe shi kafin karin kumallo, kuma babu wanda za a ɗora wa laifi.

Jirgin ba ya ɗaukar ɗan kallo. Lokacin shiga tasha mutum ɗaya yana riƙe da sitiyari, ɗaya yana sakin anka a goshin jirgi, biyu suna riƙe da igiyoyi a baya, wani yana kare gefen jirgin kada ya gogi na maƙwabci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a nan kuwa maganar a zahiri take. Likitan gidan da ƙaninsa da bai samu aiki ba tukuna igiya ɗaya suke ja.

Wannan al'ada ba daga sama ta faɗo wa Turawa ba. A Faransa sai a 1936, zamanin gwamnatin Léon Blum, ma'aikata suka samu hutun mako 2 da albashi, aka yi ta ƙarawa har ya kai mako 5 a 1982. A 1947 Philippe da Hélène Viannay suka kafa cibiyar Les Glénans a gaɓar Bretagne, wadda ta zama makarantar da dubban matasa marasa gadon dukiya suka koyi tuƙin jirgin filafilai. Daga shekarun 1960 kamfanoni irin su Bénéteau da Jeanneau suka shiga ƙera jirage da roba mai ƙarfi maimakon katako, farashi ya sauko. Matasan da suka koyi tuƙi a wancan zamani su ne kakannin yau. Hutun iyali abu ne da aka gina da doka da tanadi da sabo, kuma abin da aka gina a wani wuri ana iya gina irinsa a wani, gwargwadon hali.

Matuƙi ɗaya, amma ba sarki ba

A kan teku dole a samu mutum ɗaya da maganarsa ke yanke hukunci. A Kuroshiya ba a ba da jirgin haya sai ga mai takardar shaidar tuƙi, kuma sai a cikin jirgin akwai mai izinin amfani da rediyon kiran agaji. Iyalin da ba su da waɗannan takardu sai su ɗauki matuƙi na haya. Musulmi bai baƙunci wannan tsari ba, domin sunna ta koyar da cewa matafiya ko su uku ne su naɗa ɗaya ya shugabance su. Idan iska ta taso matuƙi ya ce a rage ƙyalle, ragewa ake yi, muhawara sai an isa gaɓa.

A nan ne iyaye da yawa ke tuntuɓe. Uban da ke riƙe da sitiyari yana da iko iri biyu a hannunsa, na matuƙi da na mahaifi, kuma cikin sauƙi yake cakuɗa su. Sai ya daka wa ɗansa mai shekara 35 tsawa a gaban matarsa saboda ƙullin igiya, da irin muryar da yake yi masa faɗa yana ɗan firamare. Ɗan ba zai mayar da magana ba, amma baɗi idan aka gayyace shi zai ce aiki ya yi masa yawa. Wanda ya girma ba a tilasta masa zuwa hutu. Kwanakin hutunsa ƙidayayyu ne, surukai na jiran nasu kason, abokai ma haka. Zuwansa kyauta ce ya yi wa iyayensa, kuma mai karɓar kyauta ba ya haɗa ta da tsawa.

Iyayen da suka iya masauki sukan raba magana gida biyu tun daren farko. Abin da ya shafi rai da lafiya, kamar sa rigar kariya daga nutsewa, da wuraren da ba a tsayawa a kan jirgi, da abin da za a yi idan wani ya faɗa ruwa, umarni ne, kuma ya hau kan kowa har da uban. Sauran kuwa, wane tsibiri za a nufa gobe, ƙarfe nawa za a tashi, me za a dafa, duk shawara ce, kuma muryar autar gida daidai take da ta babban wa. Maganar kuɗi ana yanke ta kafin kowa ya sayi tikiti. Sau da yawa iyaye ke biyan hayar jirgi, sannan a buɗe asusu guda na abinci da man inji da kuɗin tasha, kowa ya zuba abin da aka amince. Girki da wanke-wanke ana raba su kwana-kwana. In ba haka ba uwa ce za ta ƙare makon a tsaye gaban murhu cikin zafi, kowa na hutu ban da ita, kamar yadda ake yi mata a kowace Salla.

Sannan akwai ranar da sitiyari ke sauya hannu. Uba mai shekara 70 gwiwarsa ba ta yarda ya yi tsalle zuwa gaɓa, idonsa ba ya karanta ƙananan rubutun taswira idan duhu ya fara. Ƴarsa ce ke shigar da jirgin tasha yana tsaye a gefe. Shi ya gani da idonsa cewa yarinyar da ya riƙa kaiwa makaranta ta zama wadda za a damƙa wa rayuka. Ita kuma ta ga yawan ƙwayoyin maganin da yake sha da safe, da yadda yake tsayawa ya huta bayan ya hau ƴar matakalar jirgi. Kiran bidiyo na WhatsApp ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin a waya kowa lafiya lau yake.

Zuwa gida da ba a ganin ƴan gida

A kwatanta wannan da yadda ɗan ci-rani ke yin hutunsa. Ya shekara 3 ko 5 a Beljiyam ko Amurka, ko a Abidjan ko Accra, ya samu mako 3. Tun daga filin jirgin Diori Hamani jerin gaisuwa ya fara. Akwai ta'aziyyar duk wanda ya rasu a bayansa, da barkar haihuwa da ta aure, da rabon tsaraba, da masu zuwa da sassafe riƙe da takardar magani ko maganar kuɗin makaranta. Akwai ginin da ya riƙa tura wa kuɗi yana son ya gani da idonsa, da abokan fada masu jiransa da shayi har tsakar dare. Mahaifinsa yana zaure da baƙin da suka zo taya shi murna, mahaifiyarsa tana madafa tana ciyar da su. Ranar komawa ta zo, an yi hotuna, an yi addu'a, amma bai yi awa guda da mahaifinsa su biyu kaɗai ba. Ma'aikacin da ke Yamai iyayensa na Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900, labarinsa bai bambanta ba, sai dai nasa kwana 4 ne na Salla, biyu a ciki mota ta cinye.

Babu laifi a gaisuwa ko ta'aziyya. Zumunci a ƙafa yake, kuma wanda ya dawo ya ƙi zaga dangi ya yi abin kunya. Matsalar ita ce zumuncin nesa yana cinye na kusa. Ƴan ɗaki ɗaya da suka warwatsu ƙasashe 3 ko 4 ba su cika haɗuwa gaba ɗayansu ba sai a wuri biyu, aure da rasuwa. A wajen aure hayaniya ba ta barin magana. A zaman makoki kuwa wanda ya kamata a yi maganar da shi ba ya nan.

A nan asarar take. Gonar da uba ya ba wani aro shekara 20 da suka wuce, da bashin da ake binsa ko yake bi, da takardar filin da babu wanda ya san inda take, da alkawarin da ya yi wa ƙanwarsa, duk suna fitowa ne bayan an share makoki, lokacin da kowa ke riƙe da nasa zancen. Fadojin sarakuna da kotuna sun saba ganin ƴan uwa na jini suna shari'ar gado, alhali da yawa daga cikin waɗannan rigingimu zama ɗaya da uba yana raye zai iya kashe su. Haka ciwon da uwa ke ɓoyewa don kada ta tayar wa na waje da hankali. Su ma matasan suna da nasu abin da waya ba ta ɗauka. Wani takardun zamansa ba su fito ba yana nuna komai daidai, wata aurenta na tangal-tangal, wani kuɗin da ake zaton yana da su bashi ne. Irin wannan magana ba ta fitowa a ranar farko. Sai an ci abinci tare sau da yawa, an gaji da gaisuwa, sannan baki ke buɗewa.

Abin da masu suka za su ce

Na farko kuɗi. Hayar jirgi mai mita 12 na mako guda a tsakiyar lokacin zafi na Turai tana kai Yuro 3,000 ko fiye, ban da tikitin jirgin sama da abinci da kuɗin tasha. Da yake Yuro 1 kusan sefa 656 ne, wannan ya doshi sefa miliyan 2, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma jaka 42 a wata daga 2024. Albashin kusan shekara 4 ke nan ga ƙaramin ma'aikaci. Babu mai hankalin da zai ce magidancin da ke fama da kuɗin buhun gero ya je hayar jirgi a Girka. Amma a lissafa abin da ake kashewa a bikin aure guda, daga anko zuwa hayar wuri da abincin ɗaruruwan mutane da makaɗa. Iyalin da ke iya haɗa kuɗin biki na kwana 3 domin mutum 500 za su iya haɗa na zaman kwana 3 domin mutum 8.

Na biyu kunya. Bahaushiya ba ta kiran sunan ɗan fari, suruki ba ya cin abinci gaban surukinsa, uba ba ya zaman hira da ƴarsa matar aure kamar sa'arsa. Jirgin da ake jin numfashin juna ta bayan katako bai dace da wannan tarbiyya ba, kuma babu dalilin yar da ita. Sai dai kunya ta samo asali ne a gidan da kowa ke ganin kowa kullum, inda ƴar tazara ke kare mutunci. Yau tazarar ta zama dubban kilomita. Idan aka ɗora shirun kunya a kan nisan hamada da teku, uba da ɗa za su wayi gari baƙin juna ne masu girmama juna. Ana iya ware ɗakin kwana, a ware kwanon surukai, a kuma samu zama guda da ake magana a buɗe. Iyali na iya yanke cewa kwana 2 na farko na iyaye da ƴaƴa ne kawai, surukai da jikoki su biyo baya.

Na uku ya fi sauran nauyi, shi ne tekun kansa. Bahar Rum da ake hutu a kansa shi ne ya ci dubban matasan Afirka, da yawansu ta Agadez suka bi. Ranar 3 ga Oktoba 2013 mutum fiye da 360 suka mutu kusa da tsibirin Lampedusa na Italiya. Ranar 14 ga Yuni 2023 wani jirgin kamun kifi da ya taso daga Libiya maƙare da ɗaruruwan mutane ya nutse a ruwan da ke kudu maso yammacin Pylos ta Girka, mutum 104 kawai aka ceto, a daidai lokacin da jiragen hutu ke yawo a tsibiran da ke arewa da wurin. Wanda ya tsallaka a jirgin roba yana da haƙƙin ya ce ba ya son sake ganin teku, kuma babu mai gayyatarsa irin wannan hutu sai wanda bai san abin da ya gani ba. Abin da ya raba jiragen biyu fasfo ne da rigar kariya da rediyo da ikon juyawa idan iska ta ɓaci. Wannan rashin adalci ne da ya kamata a ci gaba da faɗa. Amma wanda ya sha irin wannan wuya ya fi kowa cancantar ya zauna da mahaifiyarsa kwana 3 ba tare da layin masu buƙata a ƙofa ba.

Ruwa kuma ba ya duba aljihu. Ranar 19 ga Agusta 2024 wani babban jirgin filafilai mai suna Bayesian, mai tsawon mita 56, ya nutse cikin guguwar asuba kusa da Porticello a tsibirin Sisili, mutum 7 suka mutu, ciki har da attajirin Birtaniya Mike Lynch da ƴarsa mai shekara 18. Éric Tabarly, gwarzon matuƙan Faransa da ya lashe tseren tsallaka tekun Atlantika shi kaɗai a 1964, faɗawa ruwa ya yi cikin dare a watan Yuni 1998, ba a same shi da rai ba. A kogin Kwara, a jihar Kwara ta Najeriya, mutum fiye da 100 masu dawowa daga bikin aure suka rasu a watan Yuni 2023 da jirginsu ya kife. Iya ruwa fidda kai. Duk uban da zai ɗora zuriyarsa a jirgi ɗaya, ko na miliyoyi ne ko kwalekwale, ya tabbata akwai rigar kariya ga kowa, ba a yi lodi fiye da kima ba, an duba yanayi, kuma ba a tafiyar dare.

Na huɗu shi ne abin da Hausawa suka daɗe da faɗa, zo mu zauna, zo mu saɓa. Zaman kwanaki a ƙuntataccen wuri na iya tayar da tsohon ciwo, na wanda aka fifita, da wanda aka biya wa karatu aka bar wani, da ƴan ubanci. Gaskiya ne, shi ya sa masu jirgi ba su cika wuce mako guda ba, kuma sukan tsaya a tasha kowa ya fita ya sha iska shi kaɗai. Amma saɓanin da aka yi a gaban uba yana da mai raba shi. Wanda aka ajiye sai bayan ransa, alƙali ke raba shi, kuma ba a cika komawa cin tuwo a kwano ɗaya bayan an fito daga kotu ba.

Jirgin da kowane iyali zai iya shiga

Ga mazauna Turai masu hali, hanya a buɗe take, sai dai kai tsofaffi can daga Nijar ya ƙara wuya tun da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024. Masar ta fi kusa da al'ada. A kogin Nil, tsakanin Esna da Aswan, akwai jiragen filafilai masu ɗakuna kaɗan da ake kira dahabiya, da ƙananan faluka masu araha. Iskar arewa ke tura su zuwa kudu, ruwa ya dawo da su. Babu manyan igiyoyin ruwa masu sa jiri da amai, abinci na halal ne, kuma ana jin kiran salla daga ƙauyukan gaɓa. Iyalan da ke haɗuwa su yi Umra tare, wani ya taso daga Yamai wani daga Jamus, sun riga sun ɗanɗana abin da ake nufi: mutane kaɗan, masauki ɗaya, jagora ɗaya, babu baƙi.

Ga mafi yawan iyalai, jirgin zai zama gida ne da aka ara ko aka yi haya na kwana 3 ko 4, a wajen garin da kowa ya san su. Mutanen Maraɗi suna da tafkin Madarunfa a kusa, na Damagaram suna da Gidimuni da lambunan Mirya, na Tawa suna da Tabalak. Na Yamai suna da kogin Isa, musamman lokacin sanyi, sa'ad da ruwan da ya taso daga ƙasar Gine ke isowa kogi ya cika. Ko ina aka zaɓa, a fara tambayar halin tsaron hanya kafin a tashi. Idan ma fita ba ta yiwu ba, gidan ɗaya daga cikin ƴaƴan a wata unguwa ya isa, muddin ba a yi shela ba.

Abin da za a ɗauko daga jirgi shi ne dokokinsa. A tsayar da rana tun wata 6 kafin lokaci, domin mai aiki ya nemi hutu, mai tikiti ya saya da sauƙi. A taƙaita mutane. A faɗi kuɗin da za a kashe da abin da kowa zai kawo, kada a jingina komai a wuyan na waje kawai saboda ana zaton Yuro na zuba masa. A raba aiki, samarin gidan su ɗauki cefane da shayi da wanke kwanuka, uwa ta zauna a yi mata hidima. A ajiye waya lokacin cin abinci. A ware zama ɗaya na maganar gida, da takarda da biro, a rubuta gonaki da filaye da bashi da halin lafiyar tsofaffi, kowa ya ji da kunnensa. A gidan da mace ta fi ɗaya, uba ya yi adalci, ko a haɗa duka ɗakunan ko kowane ɗaki ya samu nasa kwanakin.

Gayyatar kuma ta fito daga bakin uba ko uwa. Ita ce ba a ƙi, kuma ita ce ke kare ɗan ci-rani daga zargin cewa ya dawo yana gudun dangi, domin idan aka ce Baba ne ya kira su, magana ta ƙare. Shi kuma uban ya tuna cewa a waɗannan kwanaki mai masauki ne na manyan mutane. Yana da ikon cewa a tashi salla ko kada a shiga ruwa, amma zaɓin aikin ɗansa da yawan ƴaƴan ƴarsa shawara ce zai bayar, sau ɗaya, cikin taushi, sannan ya saurara.

Masu shirin sayen tikitin Disamba ko na babban hutu su cire kwana 3 daga cikin mako 3 tun kafin jerin gaisuwa ya cinye su. Su kira gida su faɗi ranar, su roƙi mahaifi ya kira sauran ƴan uwa da bakinsa. Ginin da ake son dubawa zai jira, abokan fada ma za su jira. Dattijo mai shekara 70 da ɗansa ke zuwa sau ɗaya a shekara 4, shi ne ya kamata a fara yi wa lissafin zuwa nawa ya rage.